Kaset ɗin da na aika wa Yaya

Daga mai kula da zaure: Wata ƴar'uwarmu ce ta kawo mani wannan a rubuce da hannu, ta ce in buga in saka a zaure, in sakaya sunanta. Ga shi yadda ta rubuta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana, barkanmu da shan ruwa. Don Allah ku ba ni shawara. Yau sati uku ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, sau biyu na rubuta har rabi na yayyaga na zuba a shara, na kuma koma na tsince gutsattsarin don kar maigidana ya gani. Ni ban iya wannan na'ura taku ba, karatuna bai wuce ƙaramar makaranta ba a Damagaram, in kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri. An ce mani a nan akwai ɗalibai da malamai da ƴan kasuwa daga ƙasashe da yawa, shi ya sa na daure. Sunan da zan kira yarinyar da shi ba nata ba ne, sauran kuma ba zan kira sunan kowa ba. Na san duk da haka wata a unguwar Château Rouge ta Paris za ta ji labarin ta ce ai wance ce. To in kin gane ni, ki rufa mani asiri, Allah ya rufa naki.

Ina zaune a Paris shekara goma sha ɗaya, maigidana direba ne, ni kuma ina tsaron wani shagon atamfa da shadda. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ina da wa guda ɗaya a Damagaram, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni. Malami ne, yana da ɗalibai a zaurensa, ba ya karanta boko, kuma ba mutum ba ne mai faɗa, amma in ya ce a'a to ya faɗa ke nan. Ƴarsa ta biyu, zan kira ta Nana, Allah ya ba ta kai, ta ci jarrabawa da kyau har aka ba ta gurbin karatu a jami'a a Lyon, tana karanta harsuna da sha'anin kasuwanci. Da ƙyar Yaya ya bari ta zo. Sharaɗi ɗaya ya kafa, a gaban mahaifiyarta da ni a waya, ya ce ƴarsa ba za ta kwana a garin da ba ta da mai masauki ba, kuma mai masaukin ya zama Musulmi mai iyali, ranar da aka saɓa wannan ranar za ta dawo gida. Ya ce mani, "Auta, ba Faransa na ba wa ƴata ba, ke na ba wa." A Lyon muka samar mata ɗaki a gidan wata ƴar garinmu da mijinta, shekara biyu ba a taɓa jin komai ba sai alheri.

Bana da bazara Nana ta bugo mani waya a shago tana murna, ta ce an zaɓe ta cikin waɗanda za su yi zangon karatu ɗaya a Italiya, wata biyar, a wani gari Torino, saboda Italiyanci yana cikin harsunan da take koyo, kuma in ba ta je ba takardar gamawarta ba za ta yi nauyi ba. Na yi mata barka da baki kawai. Ku da kuke nan kun san abin da ake faɗa a kan ƴan matan Afirka da aka ce sun tafi Italiya, ba sai na rubuta shi cikin azumi ba. Maganar kuwa ta kai har gida. Da Nana ta aika wa babanta, amsar da ta zo gajeriya ce, ya ce ko sunan ƙasar ba ya son ji. Yarinyar nan ta yi kuka a waya har katinta ya ƙare tana cikin kukan. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, ina ganin kamar ni na gaza.

To a nan ne na yi abin da na ɗauka dabara ce. Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi da yake kawo wa shagonmu takalma da jakunkuna daga Italiya, dattijo ne, ya fi shekara goma a can da matarsa da ƴaƴansa mata uku. Kowa ya shaide shi. Ranar da ya kawo kaya na tare shi bayan an gama lissafin kwalaye, na gaishe shi, na ce Alhaji ina da ƴa za ta zo Italiya karatu, ba ni da kowa a can. Bai bari na ƙarasa ba, ya ce, "Haba Hajiya, Italiya ai gidanmu ne. Ta zo, ɗakin ƴan matana ya ishe su su huɗu, in ta ƙi tuwon Hajiyata ne kawai za mu ɓata." Ya rubuta mani adireshinsa a bayan kwalin takalmi, na yanke wurin da almakashin shago na sa a jaka.

Wallahi ban tambaye shi wane gari ba, shi ma bai tambaye ni ba. Ni a kaina Italiya kasuwa ɗaya ce. Shekara da shekaru ina jin ƴan kasuwa suna cewa na tafi Italiya na dawo, kamar yadda muke cewa na tafi unguwar Belleville, ban taɓa jin wani ya raba ta gari gari ba. Na ga an rubuta Napoli a kwalin, na kuma san Nana ta ce Torino, sai na ɗauka kamar unguwa da unguwa ne, ko kamar Paris da Clichy da ke gefenta, ta hau jirgin ƙasa da safe ta dawo da yamma. Ban gaya wa Nana ba, don ina son in kai mata albishir da kaina.

Kun san yadda muke yi da mutanen gida da ba su karanta boko, kaset muke cikawa mu ba matafiyi. Washegari akwai wata Hajiya da za ta tashi zuwa gida, Nana kuma ta ce ƙarshen satin gaba za a rufe karɓar amsa a makarantarsu. Sai na zauna da yamma na cika wa Yaya fuska ɗaya ta kaset. Na gaishe shi, na gaishe da kowa da sunansa, sannan na ce na samar wa Nana mai masauki a Italiya, Alhaji wane ɗan gidan wane na Maraɗi, mai mata da ƴaƴa mata uku, a ɗakinsu za ta kwana, daga tukunyarsu za ta ci. Da yake na san halin Yaya, na ƙara da rantsuwa. Na ce wallahi tallahi Yaya, ƴarka ba za ta kwana ko dare ɗaya a wajen gidan nan ba, in na yi maka ƙarya Allah ya tambaye ni. Har yanzu ina jin muryata tana faɗar haka. Lokacin da na faɗa, na yarda da kowace kalma.

Bayan kwana shida Yaya ya je gidan waya ya bugo shago, abin da bai fi sau uku ya yi ba tun zuwana ƙasar nan. Ya ce ya saurari kaset, ya sa an kunna wa mahaifiyar Nana, ya kuma kunna wa abokansa a zaure, ɗaya daga cikinsu ma ya san gidan su Alhajin a Maraɗi, ya ce gidan mutunci ne. Ya ce, "Tunda kin rantse, Auta, na yarda. Allah ya yi maki albarka." Na bugo wa Nana na ce babanki ya amince, je ki sa hannu, sauran bayani sai na zo. Ta yi ta ihu tana ce mani Gwaggo me kika yi masa, na ce ke dai ki sa hannu.

Sati biyu kafin tafiyarta na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon don in taya ta haɗa kaya. Na riƙo turmin atamfa da turare na Hajiyar Alhaji, ina ta jin daɗin kaina a hanya. Muna zaune a ɗakinta bayan la'asar na ciro guntun kwalin na miƙa mata, na ce ga gidanku a Italiya. Ta karanta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Gwaggo wannan ai Napoli ne. Na ce to, ba Italiya ba ce? Ta ciro wani littafi mai taswira, ta ɗora yatsa ɗaya can sama kusa da Faransa, ta ɗora ɗaya can ƙasa, ta ce, "Gwaggo, daga nan zuwa nan kamar daga Damagaram zuwa Yamai ne. Lyon ɗin nan da muke zaune ta fi kusa da Torino a kan gidan Alhajinki, nesa ba kusa ba." Tana cikin dariyar ta dubi fuskata, sai ta daina. Ta ce, Gwaggo, me kika gaya wa Baba? Na gaya mata. Matar gidan ta leƙo, ta ga fuskokinmu, ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Na so in koma Paris in cika wani kaset a ranar, Allah ya sani. Nana ta durƙusa ta riƙe ƙafata, ta ce ta riga ta sa hannu, an ba wata gurbinta na wannan zango a Lyon, in ba ta tafi ba shekarar gaba ɗaya ta lalace, in kuma Baba ya ji ba zai tsaya a kan Italiya kaɗai ba, gida zai ce ta dawo. Ta ce makarantar can ta riga ta samar mata ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gidan, ba namiji. Ta ce wata biyar ne Gwaggo, kamar yau ne. Na ce bari in yi tunani. Tunanin nan shi ne har yau ban gama ba, kuma yarinya ta kusa wata huɗu a Torino. Alhaji kuwa, da ya sake zuwa shago na ce masa an canza shiri, makarantar ta yi nisa da gidansa. Ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a, ya ƙi karɓar atamfar ma sai da na matsa. Bai san an yi kaset da sunansa ba.

Tun daga nan kowane saƙo da zan aika gida sai na auna shi kalma kalma kamar mai awon zinariya. Ba na cewa Alhaji, ba na cewa Hajiya, sai in ce masu gidan suna kula da ita, tana cin abinci, tana salla a kan lokaci. Ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Amma na san abin da Yaya yake ji in na ce masu gidan, kuma na san don ya ji hakan nake faɗa. In na idar da salla sai in zauna ina lissafin ko wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba, har in manta raka'a nawa na yi a ta gaba. Maigidana ya ce na rame, ya ce in je asibiti. Da na gaya masa gaskiya sai ya ce, "Ke da kike wanke cokali sau uku don kina shakkar ya taɓa wani abu, kika rantse a kan garin da ba ki sani ba?" Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Ya ce shi direba ne, da na tambaye shi da ya gaya mani nisan a tsaye. Wannan ma gaskiya ne, ban tambaye shi ba don ina son a ce ni kaɗai na gyara.

Abin da ya ƙara rikita ni, tsohuwar nan mutuniyar kirki ce. Da mugun hali gare ta da na sami hujjar ɗauke yarinya. Nana ta ce ranar da ta gaya mata ba ta cin alade, tsohuwa ta fita ta sayo sabuwar tukunya da sabon kasko, ta ɗaura masu jan zare a hannu don kar su haɗu da nata. Da sanyi ya kwantar da Nana kwana huɗu, ita ta kai ta wurin likita, ta zauna a bakin gadonta tana ba ta romo da cokali. Da azumi ya kama ta tambayi lokacin faɗuwar rana, yanzu kafin Nana ta dawo daga makaranta miya tana kan wuta. Sau ɗaya Nana ta ba ta waya muka gaisa, ba ta jin Faransanci, ni ba na jin nata, ta yi ta magana ina cewa to, to, na gode, sunan Nana kawai nake ganewa, amma na ji muryar uwa. Sai dai akwai gicciye a kowane ɗaki, har wanda Nana take salla a ciki, ta ce ta roƙa an cire na ɗakinta an sa a aljihun tebur. Akwai kuma ɗan ƙaramin kare da yake hawa kujera. Ɗan tsohuwar, magidanci ne, yana zuwa da matarsa cin abinci ranar Lahadi. Na je wurin wani malami a nan na tambaye shi hukuncin kare a gida, ya yi mani bayani mai tsawo, na yi godiya na tashi. Abin da ya kai ni, wato rantsuwar, kunya ta hana ni buɗe baki.

Ni ban taɓa ganin gidan ba. Takardar zamana tana hannun hukuma ana sabuntawa, ɗan guntun rasit kawai suka ba ni, an ce kar in kuskura in tsallaka iyaka da shi. Duk abin da na sani daga bakin Nana ne, a waya, ranar Asabar, daga rumfar waya ta bakin titinmu da katin da yake ƙarewa ana tsakiyar magana. Na yarda da ita, yarinya ce mai kamun kai. Amma in wani abu ya same ta a garin da ba mu da ko mutum ɗaya, wa zan kira? Ashe abin da Yaya yake gudu ke nan, ba wai don ya ƙi karatu ba.

Watan da ya wuce wani matafiyi ya kawo mani ƙunshi daga Damagaram. Kilishi ne a takarda mai kauri, da takalmin fata na maza da Yaya ya sa baduku ya ɗinka, da turaren wuta daga mahaifiyar Nana, da kaset biyu, ɗaya nawa ɗaya an rubuta da ajami, na Alhaji. A nawa Yaya ya ce in kai wa Alhaji tsarabarsa hannu da hannu, kuma mahaifiyar Nana tana roƙon Hajiyar Alhaji ta ɗan yi magana a kaset na gaba, ko gaisuwa ce, tana son ta ji muryar matar da take ciyar da ƴarta. Na Alhajin kuma, Allah ya yafe mani, na kunna. Amana ce na buɗe, wannan ma wani laifin ne a kan laifi. Yaya yana ta yi masa addu'a, shi da zuriyarsa, ya ce bai san fuskarsa ba amma kullum yana cikin addu'arsa ta asuba. Can wajen ƙarshe ya ce ya ji daga mutanen Maraɗi cewa Alhaji zai zo gida sallar azumi, to kar ya wahalar da kansa, shi Yaya zai hau mota ya je Maraɗi da ƙafarsa kwana biyu bayan salla, ya ga mutumin da ya riƙe masa ƴa. Na tambaya a shago da dabara, gaskiya ne, Alhaji zai tafi gida cikin goman ƙarshe.

Kun ga inda nake. Yaya zai yi sallama a ƙofar gidan mutumin nan da dattawa biyu a bayansa, ya fara godiya, Alhaji ya ce wace yarinya? Jarrabawar Nana kuma sati ɗaya bayan salla za a fara, a yi ta har sati uku. Na san Yaya, ba zai yi ihu ba. Zai koma gida ya je gidan waya ya ce a sa ta a jirgi, kuma Nana duk bakinta ba za ta iya ƙin umarnin ubanta ba. Shekara biyu da rabi na wahala su tafi a banza saboda ni ban tambayi sunan gari ba. Ni kuma in rasa ɗan'uwa ɗaya da nake da shi a duniya, don ba zai sake sauraron kaset da muryata a ciki ba.

Asabar da ta wuce muka yi faɗa da Nana, faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta ce mafita mai sauƙi ce, in sami wata ƴar Maraɗi cikin masu zuwa shago ta yi gaisuwa a kaset a matsayin Hajiya, Alhaji kuma in roƙe shi in Baba ya zo ya ce yarinya tana lafiya kawai, ai ba ƙarya ba ce, in ta gama jarrabawa ita da kanta za ta faɗi gaskiya. Na ce ki ji tsoron Allah, in jawo dattijo mai azumi cikin ƙaryata, in kuma sa wata ta yi wa mahaifiyarki wasan kwaikwayo? Ban da haka Alhaji mutum ne mai surutu, ko ya yarda, kafin a sha ruwa ya manta ya faɗi komai. Na ce ni gara in nemo maki gidan Musulmi a Torino ki koma, sannan in gaya wa Yaya gaskiya da gyara a hannuna. Ta ce ba za ta bar tsohuwa ana saura sati biyar ta gama ba, matar da ta yi jinyarta, don kawai a sami abin faɗa, ta je ta zauna da baƙin da ba ta sani ba a tsakiyar karatun jarrabawa. Ta ce wai in riƙo ne, wa ya fi tsohuwar nan riƙo? Na ce ba ni na kafa sharaɗi ba. Sai ta ce, "Ni ma ba ni na cika kaset ba, Gwaggo." Na tsaya ina kallon lambobin katin suna raguwa har waya ta yanke. Washegari ta bugo shago ta ba ni haƙuri, na ce ba komai, ai ba ƙarya kika yi ba.

Maigidana ya ce in faɗi gaskiya yanzu, ciwon yau ya fi na gobe sauƙi, kuma gara Yaya ya ji daga bakina a ɗakinsa da ya ji a ƙofar gidan mutane a gaban abokansa. Na san haka ne. Amma in na faɗa yanzu, wataƙila ya dawo da ita tun kafin ta shiga ɗakin jarrabawa, in na yi shiru kuma wataƙila Allah ya kawo wani dalili, tafiyar Maraɗi ta fasa. Sai in kama kaina ina fatan wani abu ya hana Yaya ko Alhaji tafiya, in yi ta istigfari, don me zai hana dattijo tafiya in ba ciwo ba? Kun ga inda abin ya kai ni, cikin watan azumi.

Ƙunshin yana ƙarƙashin gadona. Ƙamshin kilishin ya cika ɗakin, ba na iya ci don ba nawa ba ne, ba na iya bayarwa don mai shi bai yi aikin da aka gode masa ba, ba na iya zubarwa. Na sayi sabon kaset na sa a rediyo, sau huɗu ina danna jan maɓalli, in gaishe da Yaya, in gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da jikoki, in tambayi sanyi, in tambayi azumi, da na zo kan Nana sai in kashe. Ranar Jumma'a akwai mai tafiya Damagaram, ita ce ta ƙarshe da na sani kafin salla.

Shi ya sa na zo gare ku. Malaman da ke cikin zauren nan, ku gaya mani, rantsuwar da mutum ya yi yana ganin gaskiya ce, daga baya ya gane ba haka ba ne ya yi shiru, mene ne a kansa, kaffara ta isa ko sai wanda aka rantse wa ya yafe? Ku ɗalibai da kuka taɓa irin wannan zangon karatu a wata ƙasa, in uba ya kira yarinya gida kafin jarrabawa, ana iya ɗaga mata ta rubuta daga baya, ko a Lyon, ko shi ke nan ta rasa? Nana ta ce ba a yi, amma ban sani ba ko don kar in faɗa wa babanta take cewa haka. In kuma akwai uba a cikinku mai hali irin na Yaya, ya gaya mani tsakaninsa da Allah, in aka ba shi labarin tukunya mai jan zare, zuciyarsa za ta yi sanyi ko ƙara tashi za ta yi?

Abin da na fi roƙo shi ne wannan. Duk wanda ya san gidan Musulmi mai iyali a Torino, Torino fa, ba Napoli ba, ba wani gari kusa ba, na koyi darasi, Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba, ko da ba za ta kwana a can ba, matar gidan ta riƙa leƙa ta, ta sha ruwa da su, ya ba mai kula da zaure sunan unguwar da lambar waya kafin Jumma'a. Ku haɗa mani da nisan gidan daga jami'a, minti nawa ne a ƙafa ko a mota, zan tambaya wannan karon. Ina son in na wuce gaisuwa a kaset ɗin nan, in sami ko magana ɗaya da zan gaya wa Yaya wadda na san farkonta na san ƙarshenta.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya rufa mana asiri baki ɗaya. Wassalam.